Kwana Uku A Tsallaken Gada

'Yan uwana mata, matan aure da 'yan mata, har da ƙannena 'yan makaranta masu ɓoye mujalla a tsakiyar littafin lissafi. Yau ba ƙagaggen labari na kawo muku ba, wata 'yar tafiya ce da muka yi da maigidana zuwa Kaduna a watan Nuwamba na 2023, wadda tun da na dawo ƙawayena suke matsa min in rubuta, ni kuwa ina ta noƙewa don akwai tonon asirin kaina a ciki.

Bari in fara da amsa laifina. Duk wadda ta karanta littattafaina ta san halina, da an ɗaura auren jarumata sai in sa Alhaji ya ce ta haɗa kaya za ta raka shi harkar kasuwanci. Su sauka a ƙaton otel, ya shiga ofis na minti goma ya sa hannu a takarda a zubo masa miliyoyi, sauran kwanakin kuwa sai yawon kantuna da shan askirim hannu cikin hannu. Sau uku ina rubuta irin wannan tafiyar, alhali ni ko Kwanar Dangora ban taɓa wucewa ba.

Yaya (haka nake kiransa tun ina ƙarama don ɗan wan Abbanmu ne, aure bai canza min baki ba) ɗan kasuwar hatsi ne a Dawanau. Yana sayen masara da waken suya ya kai wa kamfanonin da ke haɗa abincin kaji, waɗanda suke can kudu da kogin Kaduna, wajen Kudenda da bakin hanyar Abuja. Watanmu takwas da aure a lokacin, kuma babu watan da bai yi kwana uku a Kaduna ba. Ni dai ban damu ba, sai da wata maƙwabciyarmu ta zo aron turmi ta tsaya tana ce min, "Amarya ki dai buɗe ido, Kaduna garin gwamna ce, namiji ba ya jelen can a banza." Wallahi na yi dariya a gabanta, amma daren nan sai da maganar ta hana ni barci.

Da na ce masa ƙafata ƙafarsa a tafiya ta gaba, sai ya dube ni ya ce, "Malama marubuciya, ba fa yawon amarci nake zuwa ba." Na ce na ji na gani. Ya ce to shi ke nan. Ni kuwa na ɗauko littafin da nake rubutu a ciki na jera wuraren da za a kai ni: lambun Gamji da ke bakin kogi, inda aka ajiye gadar ƙarfen nan ta Lugga da aka ɗauko daga Zungeru, da gidan duwatsun Kajuru wanda wani Bajamushe ya gina a shekarun 1980, da manyan kantuna, da gasasshen kifin Barnawa da nake jin labarinsa. Ban nuna masa takardar ba, a zatona zai karanta ta a fuskata. Kuskurena na farko ke nan.

Da na buga wa Umma waya in yi mata sallama, tambayarta ta farko ita ce a ina za mu sauka. Na ce Barnawa. Ta yi shiru har na zaci layin ne ya katse, can sai ta ce, "Tsallaken gada ke nan."

Ƙannena da aka haifa daga baya ba lallai ku gane nauyin maganar nan ba. Kogin Kaduna ya raba birnin gida biyu. A da kowa yana zama inda aikinsa ya kai shi, ba ruwan wani da addinin wani. A ranar 21 ga Fabrairu 2000 rikici ya ɓarke a kan batun kafa shari'ar Musulunci a jihar, aka rasa rayuka fiye da dubu, Musulmi da Kirista. Aka sake yin wani a Nuwamba 2002 lokacin gasar sarauniyar kyau ta duniya. Daga nan mutane suka shiga ƙaura, yawancin Musulmi suka koma arewa da kogi irin su Tudun Wada da Rigasa da Kawo, yawancin Kirista suka gangara kudu irin su Sabon Tasha da Narayi da Unguwar Television. Har musayar gidaje aka riƙa yi. Kada kuma ku rikita wannan da abin da ake kira Kudancin Kaduna, wato su Kafanchan da Kachia da Zonkwa, can ƙasa ce mai nisa, ni tsallaken kogi kawai nake nufi a cikin birni.

Mu abin ya shafe mu har cikin ɗaki. Marigayi Abbanmu ma'aikacin masaƙa ne, a Kakuri suka zauna da Umma, a gidan haya mai ɗakuna a jere, ga Bajju ga Ibo ga Tibi ga Yarbawa, rijiya ɗaya igiyar shanya ɗaya. Ranar da abin ya faru Abba yana wurin aiki, Umma tana da cikina wata biyar, ga yayana ɗan shekara uku. Wata maƙwabciyarsu 'yar ƙabilar Bajju, wadda ake kira Maman 'Yan Biyu, ita ta ja su ɗakinta ta kulle, suka kwana biyu a bayan labule, duk wanda ya ƙwanƙwasa ta ce Hausawan gidan sun gudu tun safe. A kwana na uku sojoji suka kwashe su zuwa bariki, can suka haɗu da Abba, daga nan sai Kano da kayan jikinsu kawai. Shekara ashirin da uku Umma ba ta sake taka Kaduna ba.

Da daddare sai ga wayarta kuma. Ta ce, "In har kin samu hali, ranar Litinin ki shiga kasuwar Kakuri wajen masu sayar da acca, ki tambayi Maman 'Yan Biyu. In tana raye ki gaishe ta. In babu hali kada ki takura wa mijinki." Da safe ta aiko ƙanina da turmin atamfa da dambun nama a leda.

Ranar Lahadi bayan azahar muka ɗauki hanya, tafiyar kilomita wajen 230. Zariya, Jaji, Mararrabar Jos, sai ga mu a kan sabuwar gadar sama ta Kawo da aka buɗe a 2022. Muka ratsa gari ta titin Ahmadu Bello har shataletalen filin wasa, Yaya ya ce, "To ki shirya, ga gadar." Ke dai bari 'yar uwa, gabana ya faɗi, na kama karanto duk addu'ar da ta zo bakina. Na leƙa ƙasa, ruwa ya ja baya duwatsu sun fito, ga masu haƙar yashi da kwale-kwale, ga lambunan alayyafo a bakin gaɓa, ga gadar jirgin ƙasa ta ƙarfe a gefe. Kada ko ɗaya ban gani ba, duk da ana cewa daga kadduna garin ya samo sunansa. Muna sauka gadar abin da ya fara tarbata shi ne ƙamshin lemo da abarba na kasuwar tasha, da wata mai hijabi tana ciniki da wata mai ɗan siket suna ta dariya. Na ji kunyar addu'o'ina, amma ban fasa ba.

Tashar jirgin da ke wurin tsohuwa ce ƙwarai, kusan ita ta haifi garin. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911 ta wannan hanyar, Turawa suka dawo da hedikwatar Arewa nan daga Zungeru a 1917, sannan a 1927 layin da ya taso daga Fatakwal ta Kafanchan ya zo ya haɗe a nan. Shi ya sa kowace ƙabila ta ƙasar nan take da dangi a unguwannin bakin tashar. Jirgin Abuja da aka fara a 2016 ba nan yake tsayawa ba, tasharsa tana Rigasa.

Muka sauka a wani matsakaicin otel a Barnawa. Unguwa ce mai tsafta da bishiyoyi, kuma a gauraye take, da asuba na ji kiran salla, da hantsi na ji waƙar coci ta wani gefen. Daren nan dai an kai ni cin kifi, an gasa shi da yaji da albasa da soyayyen dankali, na ce a raina ashe littattafaina ba ƙarya suka yi ba.

Ashe ba a nan gizo yake saƙar ba. Ƙarfe bakwai na safiyar Litinin Yaya ya saka hula ya ce tirelolinsa biyu sun kwana a layi a ƙofar kamfani, zai je a auna a sauke, ƙarfe goma zai dawo. Na yi wanka na tsantsara kwalliya, na ɗaura leshina ruwan hoda, na zauna a bakin gado. Goma ta yi, sha ɗaya ta yi, sha biyu ta wuce. Na kalli talabijin har idona ya yi zafi, na ƙirga furannin labule, na buɗe littafina in yi rubutu kalma ɗaya ta ƙi fitowa. Maganar maƙwabciyata ta dawo min sabuwa fil. Ga shi kuma kasuwar nan ranar Litinin ce take cika, in ta watse sai wani makon, lokacin muna Kano.

Sha biyu da rabi na kira shi. Ya ɗauka cikin hayaniya, kafin in gama cewa "Yaya ka manta da ni ne?" sai ya daka min tsawa, irin wadda bai taɓa yi min ba, ya ce, "Na gaya miki ba yawo na zo ba! An dawo min da mota guda, ke kina maganar kasuwa!" Ya kashe wayar. Wayyo, na kifa kai a filo na yi kuka mai isata, janbaki da gazal duk suka ɓata musu zanin gado. Har na fara tunanin in ɗauki jakata in nemi motar Kano.

Da kukan ya lafa sai na tambayi kaina, shin na ma taɓa gaya masa saƙon Umma? Ban gaya masa ba. Takardar wuraren yawona ma bai san da ita ba. Ina zaune ina jiran ya san abin da ke cikina kamar jarumin littafi, shi kuwa mutum ne da dukiyarsa da ta abokan cinikinsa take tsaye a rana. Sai na rubuta masa saƙo a waya, gajere, na ba shi haƙuri, na gaya masa aiken Umma, na ce in ya ba ni izini kuma akwai wadda za ta raka ni zan je, in babu na haƙura. Minti biyar ba a yi ba sai ga amsa: "Ki yi haƙuri da tsawar. Matar wakilina tana zuwa ta ɗauke ki. Me ya sa ba ki faɗa min tun a Kano ba?"

Nan zan ɗan tsaya in ce da ku wani abu, ku da ba ku yi aure ba tukuna. In Allah ya kawo ranar da za ki bi miji tafiyar neman kuɗi, ki sani lokacin nan ba naki ba ne, ba ma nasa ba ne, na masu sayen kayansa ne. Ki faɗi abin da kike so tun a gida, ki ji wane yini ne zai samu sarari, ki tambaya ko yana da wanda iyalinsa za su ɗebe miki kewa. Ki tafi da takalmi mara tsini kuma, don ni nawa sai da ya yi min kanta.

Ƙarfe biyu saura sai ga matar, malamar firamare ce, haifaffiyar Kakuri Hausa, mai fara'a da saurin magana. Na ce, "Anti, ashe akwai sauran Hausawa a nan?" Ta yi dariya ta ce, "Ina za mu je? Kakana a nan aka binne shi. Ku mutanen Kano kun ɗauka duk wanda ya haye gada sai dai gawarsa." Muka tari Keke Napep, tana nuna min wurare muna tafe. Ga makarantar 'yan mata ta Queen Amina, wadda 'yan mishan suka kafa a 1940 da sunan Queen of Apostles kafin gwamnati ta karɓe ta. Ga asibitin St. Gerard inda aka haifi yayana. Ga kamfanin Peugeot da aka buɗe a 1975, inda aka riƙa harhaɗa Fijo 504 ɗin nan da iyayenmu suke ba da labarin ƙwarinta. Ga masana'antar makamai ta soja tun 1964.

Sai muka shiga layin masaƙu, nan kam bakina ya mutu. Katangu ne dogaye ba iyaka, ƙofofin ƙarfe sun yi tsatsa, rufin kwano ya ɓurma, bishiyoyi sun tsiro ta cikin tagogi, awaki suna kiwo a inda motocin ma'aikata suke tsayawa a da. Anti ta ce masaƙar KTL ce ta fara aiki a 1957, Sardauna ne ya jawo wani kamfanin Ingila suka haɗa hannu da gwamnatin Arewa, don a daina kwasar audugarmu zuwa waje a dawo mana da ita a yadi. Daga baya aka samu Nortex, da Arewa Textiles ta haɗin gwiwa da Japanawa, da UNTL a 1964 ta 'yan kasuwar Hong Kong. Dubban mutane suke aiki kashi uku ba dare ba rana, in jiniyar tashi ta yi kuka kekuna sai sun toshe titi. Adams Oshiomhole ma, wanda ya shugabanci ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa ya kuma yi gwamnan Edo, daga Arewa Textiles ya taso.

Na ce to me ya kashe su? Ta ce abubuwa ne suka taru. Darajar naira ta karye tun 1986, kayan gyaran injuna suka yi tsada, injunan kuma sun tsufa. Wuta ta ƙi tsayawa, baƙin man da ake hura tukwane da shi ya yi wuya. Ga atamfar Sin mai araha tana kwararowa ta kan iyaka. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta rufe a 2007, an sake buɗe ta a 2010 amma ba ta koma kamar da ba. Na dubi turmin atamfar da ke cinyata, na juya bakinsa, ba a ƙasar nan aka yi shi ba. Ni da nake shiga Kantin Kwari kullum ban taɓa kawo wannan a raina ba.

Kasuwar Monday, kamar yadda suke ce mata, ta wuce yadda nake zato. Gwanjo tuli-tuli, doya kamar an gina katanga, manja, citta daga Kachia, dauro, gurjiya, ga matan Gbagyi suna ratsawa da kaya a kafaɗa, don su ba sa ɗora kaya a ka. Kowa Hausa yake yi, kowa da irin tasa. Muka sami layin masu acca muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Ta farko ba ta san ta ba. Ta biyu ta ce masu 'yan biyu ai sun fi goma, wacce a ciki? Na kira Umma ta ƙara min kwatance, mijinta ma'aikacin masaƙa ne, tana da wushirya, 'yan biyun mace da namiji. Sai wata tsohuwa da ke tankaɗe a gefe ta ɗago ta ce ta san ta, ciwon ƙafa ya hana ta zuwa kasuwa shekara huɗu ke nan, tana wurin ɗanta a Sabon Tasha. Ta sa jikarta ta nemo mana lambar ɗan.

Sai bayan isha'i Yaya ya dawo, fuskarsa duk ƙura, ko abinci bai ci ba. Ina zuba masa ruwa yana ba ni labari. Kowace tirela buhu 300 ta ɗauko mai kilo 100. Kafin mota ta hau sikeli sai an soka ƙarfe a buhuna an ɗebi samfur an zuba a na'urar auna danshi, don masara mai laima tana yin fumfuna a sito ta kashe kaji. Ba sa karɓar wadda ta haura 14 cikin 100. Mota ɗaya ta wuce, ɗayar ta nuna 16, sabuwar masara ce da ba ta gama bushewa ba. Ga direba yana cajin kuɗin kwana, ga kuɗin mutane a ciki. Dabara ɗaya ce, a sauke a shanya. Na ce gobe da ni za a je. Ya ce rana ce fa da ƙura. Na ce ta fi furannin labule.

Haka na wuni ranar Talata a harabar wani tsohon sito a Kakuri, a ƙarƙashin bishiyar mangwaro, da atamfa da silifas. 'Yan dako suka farke buhuna suka baza masarar a kan tamfol, suna bi suna juya ta da ƙafa, iskar hunturu tana kaɗawa. Yaya ya ce tunda ga littafi ga biro, in riƙe masa lissafi. Da la'asar aka mayar a buhu ana aunawa ana ɗinkewa, ina ja layi, sai lissafi ya tsaya a 293. Na miƙe tsaye na ce, "Yaya an sace buhu bakwai!" Wurin ya yi tsit, sai kuma kowa ya fashe da dariya har da shi. Ya ce, "Rana ce ɓarauniyar, Malama. Ruwan da ke cikin masarar ne ya tashi, kuma da kuɗina na saye shi." Na rasa inda zan sa fuskata. Amma ranar na san abin da ake nufi da kwana uku a Kaduna, na kuma san kishiyar da maƙwabciyata take faɗa, tirela ce mai taya goma sha takwas.

Biyar ta wuce aka gama lodi. Na zaci zai ce ya gaji, sai ya karkaɗe rigarsa ya ce, "Kira yaron nan ya yi mana kwatance." Shi kansa a shekara shida da yake zuwa bai taɓa wuce mahaɗar Command ta wannan ɓangaren ba, na ga yana ta gyara zaman hularsa. Muka bi hanyar Kachia, coci a nan coci a can, shaguna, 'yan acaɓa, masu gasa masara. Ya nuna min hanyar matatar mai da aka buɗe a 1980. Umma takan ce da dare har daga Kakuri suna hango harshen wutarta a sama, mu dai ba mu ga wuta ba don ba ta aiki a lokacin.

Ɗan ya tarbe mu a bakin titi, magidanci ne da 'ya'yansa, shi ne namijin 'yan biyun. Muka same ta a tsakar gida a kan kujerar roba, ƙafa a kumbure, ga wushiryar nan. Na durƙusa na ce, "Mama ina wuni." Ta ƙura min ido, ban kai ga faɗin ko ni wace ce ba sai ta dafe ƙirji ta kira sunan Ummata. Ta ce, "Ke ce cikin?" Na ce ni ce. Ta jawo ni jikinta tana kuka tana shafa kaina tana cewa, "Kin yi ta motsi a daren nan, uwarki tana toshe bakin yayanki, ni ina ta roƙon Allah kada ki fito a ɗakina." Yaya ya juya baya yana kallon katanga.

Na kira Umma ta bidiyo na miƙa mata wayar. Minti biyu babu wadda ta iya magana. Daga baya kuma sai suka ɓarke da hira kamar jiya suka rabu, wane ya rasu, wance ta aurar da 'ya, ina mai kokon bakin layi. A nan na ji cewa ƙaninta yana zaune a Tudun Wada lokacin rikicin, wani tela Bahaushe ne ya ɓoye shi a shagonsa, amma ɗan ƙanin nata da ya fita neman uban bai dawo ba har yau. Umma ba ta taɓa sanin wannan ba.

Magariba ta yi muna can. Kafin Yaya ya buɗe baki jikanta ya kawo buta da sabuwar tabarma ya nuna mana gabas. Muna idarwa aka kawo faten acca da yakuwa da gyaɗa, na ci har na manta da kunyar baƙunta. Na ba ta atamfa da dambu. Sai ta aiki yaron ɗaki ya fito da wata kwalla mai murfi, fara da jajayen furanni, bakinta ya ɗan ɓantare. Ta ce kayan ɗakin Umma ne, ta kwashe abin da ta iya kafin a fasa ɗakin. Ta ce, "'Yata, ba zan yi miki ƙarya ba, guda shida ne. Da masaƙa ta rufe babansu ya zauna ba aiki, na sayar da biyar muka ci abinci. Wannan na ce ko yunwa za ta kashe mu sai na mayar wa mai ita. Ki ce ta yafe min biyar ɗin." Umma tana ji ta waya, ta ce, "Haba Yaya, ni da kika ba ni raina da na 'ya'yana?"

Ranar Laraba da hantsi masara ta wuce gwaji, aka ba Yaya takardar shaidar karɓar kaya, kuɗi sai bayan mako biyu kamar yadda suka saba. Da ya cire kuɗin 'yan dako da na direba da buhu bakwai ɗin rana, ribar motar nan ba ta taka kara ta karya ba. Gamji ba mu je ba, Kajuru kuwa ya ce ko da lokaci ba zai bi da ni hanyar ba saboda matsalar tsaro. Kantuna ma ta gilashin mota na gan su. Mun dai tsaya a kasuwar tasha na sayi abarba uku da lemo na tsaraba, har da na maƙwabciyata mai aron turmi.

Muna kan gada, kwalla a cinyata na rungume ta kamar jaririya, sai ya ce, "To Malama, wata mai zuwa za a sake rako ni, ko an tuba?" Na ce za a sake, amma da sharaɗi, yammacin Talata nawa ne, kuma tun a Kano za mu yi maganar. Ya ce ya yarda in na yarda da riƙe lissafin buhu. Na ciro takardar nan ta wuraren yawo na karanta masa, ya yi ta dariya har Kawo.

Da muka isa gidan Umma muka fara sauka. Ta karɓi kwallar ta juya ta ta duba gindinta, ga alamar jan farce da kakata ta ɗiga tun lokacin jere. Ta goge ta da gefen mayafinta, ta ɗora a saman kabad, sannan ta juyo ta tambayi Yaya ko motarsa tana da wurin mutum uku a tafiya ta gaba.